Shaidar da Na Riƙe wa Malam Garba

Ina aji ina duba littattafan yara, ranar Talata da hantsi, shugaban makarantarmu ya leƙo ya ce Malam Garba ya rasu a asibiti, bayan jinyar kwana shida. Na yi salati, na kuma ji kunya ta rufe ni, domin akwai shaidar da na riƙe masa shekara biyu ban bayar ba.

Shekara goma sha ɗaya muka koyar tare a wata firamare kusa da Shinkafi. Tun da ya yi bautar ƙasa a bakin teku ya dawo da son kallon tsuntsaye, da tsohuwar kyamara, da madubin hangen nesa. A da dariya ake masa, ni ma ina ciki. Da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, sai dariyar ta koma zargi. Mutum ya tafi tafki shi kaɗai, ya kashe waya, ya gaisa da makiyaya da Fillanci, ya dawo lafiya? Aka fara raɗa cewa infoma ne. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta karkata ga maganar.

Dattawan unguwa suka ce in bi shi in gano musu. Na ce masa ina sha'awar koyon kallon tsuntsaye, muka fita wata Asabar bayan sallar asuba. A hanya ina lura da duk inda ya waiwaya. Da ya kashe wayarsa na tambaye shi dalili, sai ya ce ƙararta na korar dinya, agwagwar tafki. Da ya tsaya wurin wani makiyayi na kasa kunne, ashe tambayarsa yake ko gauraka sun sauka a bana. Muka kwanta cikin ciyawa har rana ta take, tururuwa na cizona, shi kuwa yana jiran zalɓe guda ya ɗaga wuya. Yakan ce tsuntsu ba ya zama don mai gaggawa. Ya nuna mini wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu, ya ce irinsu ya gani a bakin teku, kuma babu mai tambayarsu daga ina suke.

Da za mu taso ya miƙo mini kyamarar.

"Malam Sani, na san mi ya kawo ka. Kai musu su duba, hoto bayan hoto. In sun ga mutum ko gida, su yi min abin da suka ga dama."

Na duba da kaina. Tsuntsaye ne da ruwa, babu wani abu. Amma da dattawa suka tambaye ni, tsoro ya kama ni kada a haɗa ni da shi, sai na ce ni dai ban ga komai ba. Suka ɗauka ɓoye mini ya yi, ni kuma ban gyara musu ba. Malam Garba bai taɓa yi mini maganar ba. Kullum shi ke fara gaishe ni, har ya riƙa karɓar ajina ranar da na yi zazzaɓi. Mutane kuwa suka rage zama kusa da shi a masallaci, ana kiran 'ya'yansa 'ya'yan infoma.

Don haka ga shaidata, ku da kuka aike ni da ku da kuka ji raɗa. Na bi Malam Garba da mugun zato wuni guda, ban same shi da laifi ba. Mai laifin ni ne, da na sani na ƙi faɗa. Duk wanda ya sake kiran yaran nan da wannan suna, ya zo ya tambaye ni.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa haƙuri, Ya raya 'ya'yansa cikin mutunci. Ni kuma da ban nemi gafararsa yana raye ba, Allah Ya yafe mini.