Bappa Maharazu, Mai Buhun Tsakiya

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, in ka tsaya a bakin titi a Nassarawa GRA, za ka ga manyan motoci suna fitowa daga gidaje masu dogayen katangu, gilasai a rufe. A tsakaninsu akwai wani dattijo a kan tsohon babur, ya taso tun daga Kawaji, hularsa ta koɗe, da basillar ɗinkin buhu soke a aljihun gaba inda wasu ke soka biro. Ba ya yi wa kowa hon, ba ya kuma rawar jiki don wata mota ta matso shi. Wannan shi ne Malam Maharazu, wanda kowa a wurin aikinsa ke kira Bappa. Shekara talatin da ɗaya yana bin wannan hanya, kuma Alhamis ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe.

Inda yake aiki wani tsohon gida ne irin ginin zamanin Turawa, da aka mayar kamfanin tura kaya ƙasashen waje. Gaba ofis ne mai sanyi, baya kuwa sito ne da fili inda tirela ke shigowa ɗauke da kwantena. Daga nan riɗi da citta da zoɓo ke kama hanyar Legas su hau jirgin ruwa, jakunkunan fata da takalma kuma su nufi filin jirgin sama. Aikin Bappa shi ne duba lodi. Shi ne mutum na ƙarshe da ke ganin kaya kafin a rufe kwantena, shi ne kuma ke datse ƙofar da sil, wato wani ɗan ƙarfe mai lamba wanda in ya shiga ba ya fita sai an yanke shi a can ƙasar da kayan suka sauka.

An sha karrama masu fitar da kaya a otal-otal ɗin unguwar nan, ana tafi, ana ɗaukar hoto, ana miƙa allunan yabo. Ban taɓa ganin an gayyaci irin su Bappa ba, ko da don su cika kujerun baya. To yau shi za a ambata, wanda abin bai yi wa daɗi ba ya haɗiye.

Bappa yana da wata ɗabi'a da ta sa masu lodi suka daɗe suna ƙunƙuni a kansa. Ba ya duba buhun da ke bakin ƙofa. Cewa yake yi na bakin ƙofa kowa ya san za a gan shi, don haka kullum a shirye yake. Sai an gama jera kaya tsaf, gumi ya jiƙa kowa, sannan zai ce a fito masa da layi huɗu na gaba. Ya shiga can tsakiya, ya zaɓi na ƙasa, ya farke bakinsa da basilla, ya zura hannu har gwiwa. In riɗi ne ya tauna, in zoɓo ne ya damƙo ya matse a gefen kunnensa. Busasshen zoɓo ƙaras yake yi. Wanda bai yi ƙaras ba, a wurin Bappa, ba inda za shi.

Shekara uku da suka wuce wannan ɗabi'a ta kusa cinye masa aiki. Mai kamfanin ya rasu, ɗansa Alhaji Anas ya karɓi ragama. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Ya zo da kwamfutoci, ya gyara sito, ya kuma sayo na'urar auna danshi mai ɗan tsini da ake soka wa buhu ta nuna lamba. A lokacin ne wata 'yar kasuwa, Hajiya Muhibba, ta kawo zoɓonta. Shekara uku ta yi tana neman mai saye a Meziko kafin ta samu, kuma wannan ita ce kwantenarta ta farko. Ranar Juma'a ce a tsakiyar Afrilu, tirela na tsaye, kuma dole kayan su shiga tashar jiragen ruwa kafin Talata, in ba haka ba jirgin ya tafi.

An gwada buhu ashirin da na'ura, duk ta ce sun bushe. Bappa ya shiga tsakiya kamar kullum. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, sai ya ɗauki sil ɗin ya jefa a aljihu.

Magdalena, 'yar Wusasa da ke shirya takardun kwastan a ofishin fiye da shekara ashirin, tana tsaye da fayil a hannu. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi.

Alhaji Anas ya sauko ya ce, "Bappa, lafiya? Direba na jira."

"Kayan nan da laima, Alhaji. Ba za su tafi ba."

"Laima? A Kano, a watan Afrilu? Haba Bappa! Na'ura fa ta auna."

"Na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Inda ta kai, ya bushe. Amma tsininta iyakarsa ɗan yatsa, ni kuwa har gwiwar hannu nake shiga."

Ran Alhaji Anas ya ɓaci, ga ma'aikata sun yi cirko-cirko suna kallo. Ya ce, "Ko ka rufe, ko ka ba ni sil ɗin ka ajiye mini aikina."

Magdalena ta san Bappa ba shi da wata sana'a, ga iyali, ga tsufa ya kawo jiki. Shi kuwa ko gezau bai yi ba. Ya je bakin kwantenar ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa.

"Aikinka naka ne, Alhaji, ka karɓa yanzu in ka so. Hannuna kuwa nawa ne. Ba zai rufe ƙofa a kan ruɓa ba."

Aka kira Hajiya Muhibba a waya. Ta iso a fusace, tun daga bakin get ake jin muryarta tana tambayar wane ne yake son ya yi mata baƙin ciki. Bappa ya miƙe. Ya sa aka jawo buhun da ya farke har gabanta, ya ce, "Hajiya, cire awarwaronki ki zura hannu. Can ƙasa."

Ta zura. Cikin buhun da ɗumi, zoɓon kuma ya yi laushi kamar ganyen da aka ɗebo da safe. Can ta ɗaga waya ta kira Hajara, shugabar matan da suka tsince zoɓon suka ɗura shi a buhuna, ta sa kowa ya ji.

Hajara ta ce, "Ai ɗan ruwa muka yayyafa masa, Hajiya, don kada ya dagargaje wajen dannawa. Kin san zafin nan ya sa ya bushe ƙayau. Haka muke yi wa na kasuwa kullum, ba a taɓa cewa komai ba."

Gaskiyarta. Ba ha'inci suka yi ba, gyara suka yi irin wanda suka sani. Zoɓon kasuwa kwana bakwai ya ƙare a tukwanen mutane. Wannan kuwa kwana arba'in zai yi a kulle cikin akwatin ƙarfe a kan teku, rana ta gasa shi, sanyi ya sauko masa, ba iska ko ta ƙofar allura. Na gefe-gefen buhunan ya sha iskar sito ya bushe, ruwan ya maƙale a ciki.

Jirgin ya tafi ya bar su. Aka baje zoɓon a kan tamfol kwana biyar, aka sake ɗurawa, ya bi jirgin da ya tashi bayan mako biyu. Mai sayen ya yi ta mita a kan jinkiri. Kayan suka isa lafiya, kuma a nan ne zancen ya mutu, domin ba wanda ke yin godiya a kan masifar da ba ta auku ba. Hajiya Muhibba ta fi wata shida in ta zo ba ta ko kallon inda Bappa yake. Wasu ma cewa suka yi da an bar kayan da sun isa haka nan, tsohon ne kawai da taurin kai.

Ba a kore shi ba. Abin da aka yi masa ya fi kora ciwo. An karɓe sil daga hannunsa, aka mayar da shi ɗakin kayan jirgin sama yana naɗe kwalaye da salatif. Mutumin da ya rufe kwantenoni tun Alhaji Anas yana firamare, ga shi yana yanka leda. Abin ya ci masa rai, matarsa ta ce ya yi wata guda ba ya cinye tuwonsa. Amma bai fasa zuwa bakwai saura kwata ba, bai kuma canza hali ba. A can ma sai ya girgiza kowane kwali ya saurara. Ya sha ciro batura da kwalaben turare da aka cusa cikin takalma, ya ce wa mai kayan, "Wannan sama za shi, da mutane a cikin jirgin. Ko ka rubuta shi a takarda a yi masa irin nasa shirin, ko ka koma da abinka gida."

Litinin ɗin makon da zai ajiye aiki, Magdalena tana taya shi kwashe tarkacen lokarsa, wato akwatin ajiyarsa na wurin aiki, sai ta ci karo da wata kwalba a can ƙurya, an ɗaure murfinta tam, an liƙa kwanan wata a jiki. A ciki wani dunƙulallen abu ne baƙi, fumfuna ta lulluɓe shi.

"Bappa, wannan kuma fa?"

"Zoɓon Hajiya ne. Na ranar nan. Na ɗebi tafi guda na rufe, na ajiye a inda rana ke bugu. Kwana arba'in na ƙirga masa."

"Shekara uku kana da wannan a loka, ana ce maka mai taurin kai, ka yi shiru? Don Allah me ya hana ka nuna musu?"

Ya karɓi kwalbar ya juya ta a hannu. "'Yata, ba don su na ajiye ba. Hannuna na gwada. Da ya fito lafiya, da ni zan je in durƙusa in ba Alhaji haƙuri. Da na ga haka kuwa, sai na ce to alhamdu lillahi, ban zalunci kowa ba. In kai masa in ce me? In kunyata ɗan maigidana a gaban ma'aikatansa?"

Magdalena ba ta da irin wannan haƙurin, Allah ya yi mata albarka. Ba ta nemi izininsa ba. Ta ɗauki kwalbar ta dire a kan teburin Alhaji Anas, ta faɗa masa ko mece ce, ta fito ta kira Hajiya Muhibba.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa a filin baya, aka jera kujeru, aka kawo shinkafa da kaji, har da mai hoto. Kwantenar Hajiya Muhibba ta goma sha ɗaya tana tsaye an gama lodi, duk wurin wancan mai sayen na Meziko za ta. Alhaji Anas ya taso a gaban kowa da sil a hannu.

"Bappa, na ga kwalbar. Ka yafe ni."

"Ba komai, Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai dai ka sayo na'ura mai dogon tsini."

Aka yi dariya. Alhaji Anas ya miƙa masa sil ɗin ya ce shi zai rufe musu wannan. Mai hoto ya gyara tsayuwa, kowa ya ɗaga hannu zai tafa. Bappa ya karɓa, ya jefa a aljihu, ya zaro basilla.

"A fito mini da layi huɗu na gaba."

Minti arba'in manyan baƙi suna zaune, shinkafa tana hucewa, wasu na duba agogo. Hajiya Muhibba ce ta fara tashi, ta cire awarwaronta ta bi shi har bakin kwantenar. Daga can ciki aka ji ƙaras. Ya ɗinke buhun da hannunsa, aka mayar da kaya, sannan ya datse ƙofar ya ce, "Wannan zai iya tafiya."

Bappa, kai ne wanda aka ba wa girma a faranti ka ce sai ka duba ƙasansa. Kai ne ka yarda a ƙasƙantar da kai shekara uku da dai a buɗe kwantena a wata ƙasa a toshe hanci a ce kayan Kano ne. Sunanka ba ya kan takarda ko ɗaya da ta tsallaka teku, amma manomin da ya shuka zoɓon, da Hajara da matan da ke tsincewa, da Hajiyar da ta yi wata shida ba ta gaishe ka ba, duk a bayan hannunka suka fake ba su sani ba. Ba a ba ka allon yabo ba, kada a bayar. Mun gode, mun kuma gode. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya sa wannan hannu ya shaide ka ranar da za a buɗe na kowa.

Ku kuma da aka bar wa filin, masu sito da masu ofis, masu sa hannu a takardar da ba su karanta ba, da mu duka da ke gyara abin da ke bakin ƙofa don shi ake gani: babur ɗin nan ba zai ƙara shigowa bakwai saura kwata ba. Basillar tana nan, ya bar ta rataye a ƙusa a bakin sito. Gobe tirela za ta zo, direba zai yi ta hon, wani zai ce a rufe kawai lokaci ya ƙure. A samu wanda zai ɗauke ta ya ce a fito masa da layi huɗu na gaba.