Yayan Shugabar Jami'a

Bakanike mutum ne mai hannu, amma fa akwai taurin kai kamar noti mai tsatsa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a ƙarƙashin mota. Da iyayensu suka rasu, shi ya riƙe ƙanwarsa, Auta, a wani ɗan ɗaki bayan garejinsa. A kan tsohuwar kujerar mota take zama ta yi aikin makaranta, littattafanta duk tabon baƙin mai. A unguwar kuwa, duk abin da ya lalace shi ake kira. Famfon burtsatse ya tsaya, shi ne. Ƙofar makarantar firamare ta ɓalle, shi ne. Ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Auta ta yi karatu har ta zama malamar jami'a, amma ba ta bar unguwar ba. Ita ce koya wa mata karatu ranar Asabar, ita ce tara jama'a a yashe kwata. A wajen yasar ne aka gano baƙin man da masu gareji ke zubarwa yana tsiyaya cikin rijiyoyin mutane. Ta sami yayanta da kwalbar ruwan rijiyar a hannu, ta yi masa bayani. Ya ce ta je ta koya wa ɗalibanta, ba shi ba. Da unguwa ta rubuta koke, sunanta ne a sama. Aka tashi gareji bakwai zuwa bayan gari, har da nasa.

Wallahi ya san ita ke da gaskiya, don shi kansa ya daɗe da daina shan ruwan rijiyar gidansa. Abin da ya ci masa rai, yarinyar da ya goya ce ta tsaya a gaban mutane ta ambaci garejinsa. Sau uku tana zuwa ba shi haƙuri, sau uku yana sa matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Wai shi babba, sai an zo na huɗu zai sauko. Ba a zo ba. Haka shekara goma sha ɗaya ta wuce, sai dai gaisuwa ta bakin dangi, kullum abin na cin sa a rai.

Da aka naɗa ta shugabar jami'a, ta aiko masa da katin gayyata, ta rubuta da hannunta cewa kujerarsa na layin gaba. Matarsa, da ciwon gwiwa ya hana fita, ta ce in ya bari wannan ta wuce shi, to ya yi ban kwana da ƙanwa. Ya ce zai je, amma ba da kati ba. Tun yaushe yaya ke nuna takarda kafin ya ga ƙanwarsa? Ya jefa katin cikin akwatin sifana. Kai, girman kai bai yi ba.

Ranar bikin naɗin ya isa, ya tarar ɗakin taro ya cika, an rufe ƙofa. Mai gadi ya ce ba kati, ba shiga. Ya kira wani ɗan'uwansu da ke ciki, wayar a kashe. Dole ya tsaya a waje cikin jama'a, kusa da lasifika.

Daga nan ya ji muryarta. Ta ce jami'a ba za ta ƙara zama a bayan katanga ba, kowane sashe sai ya ɗauki wani aiki a unguwannin da ke kewaye. Ta ce ba a aji ta koyi wannan ba. A wurin wani bakanike ta koya, wanda ke barin motar kwastoma ya je gyaran famfon unguwa, wanda kuma ta taɓa ɓata wa rai a kan abin da shi ya koya mata.

"Yaya, in kana nan, don Allah ka miƙe mutane su gan ka."

Lasifikar ta yi tsit, har ana jin tarin wani. Ta jira, ta ƙara jira. Can ta ce, a hankali, "To, bai samu zuwa ba."

Bakanike ya kama hannun mai gadi, idonsa ya kawo ruwa. "Ni ne fa. Ni ne yayan nata."

"Baba, yi haƙuri. Tun safe kai ne na biyar da ya gaya mini haka."

Ya saki hannun. Ya koma ya tsaya cikin rana, yana jin ƙanwarsa tana gode wa wasu.