Bencin Da Ba Shi Da Hannu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar, mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Ban cika yarda da tunanina ba, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Abin da nake jin ban manta ba shi ne ranar da muka je Sabon Gari sayen bencin ƙofar gida. Ban daɗe da gama jami'a ba, kuma na yi ta bincike: katako gara ke cinsa, ƙarfe ya fi ƙarko. Na nuna masa wani na ƙarfe, mai majingina da hannuwa, na mutum uku. Baba ya zauna, ya shafa hannun, ya miƙe.

"Wannan ya riga ya ƙirga baƙinsa," in ji shi. "In na huɗu ya zo, a cinyarka zai zauna?"

Amininsa Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta da ya raka mu, ya ce, "Ƙyale yaro, Bukar, digiri ne ke magana."

Dogon bencin katako muka ɗauko a adaidaita, rabinsa a waje. Duk wanda ya zo bayan la'asar sai a ce, "A matsa." Ban taɓa ganin ya cika ba, ko kuwa ban lura ba ne.

Yanzu gara ta cinye ƙafafunsa kamar yadda na faɗa, kuma ban ji daɗin gaskiyar tawa ba. Baba Yohanna ya koma garinsu wajen Zariya. Wasu sun rasu, wasu sun tashi, layinmu a Fagge ya koma shaguna. Da Baba zai leƙo, ban sani ba ko zamani zai zarga ko ni. An ce zumunci a ƙafa yake, wataƙila tawa ce ba ta je ba.

Makon jiya na je a yi mini sabon benci, kafinta ya tambaye ni, "Na mutum nawa, Malam?" Na ce zan dawo. In na ce ɗaya, na rufe abin da Baba ya bari, don ban san wani gadonsa da ya fi wannan wurin zama ba. In na ce dogo, ina tsoron zama a gefensa ni kaɗai, masu wucewa suna kallo.

Ni mutum shida nake tunawa suna zama a bencin Baba, yayata Falmata ta ce tara ne. Duk wanda ya taɓa zama a kansa, don Allah ya gyara mini. In da hali ya zo da kansa, bayan la'asar. Kafinta yana jiran awo.

Allah ya jiƙan Baba.