Na Shafe Zanen Ga-ruwa

Jama'a, yau na yi ɓarna a gidan hayarmu na Madawa, kuma har goro na samu!

Ɗaki ukku muke: ni da maigidana ɗaki guda, Mushe Idi malamin makarantar lakkwal ɗaki guda, sai Ta-Allah matar anfarme, ma'aikacin asibiti. Bawa ga-ruwa ke kawo muna ruwa. Duk garwar da ya zuba, sai shi ja zane da gawayi a bangon ƙohwar mai ita, ƙarshen wata a ƙilga a biya.

Da sahe mai shela ya ce sabon kumandan mai mulkin yankinmu zai zaga gari, kowa shi gyara gida. Na kwaɓa hwarar ƙasa, na shahe bango tas. Ashe yau wata ya ƙare!

Sai ga Bawa. Ya tsaya, ya riƙe baki. "Uwar ɗaki, ina zanena?"

Wayyo! Duk na shahe shi.

Mushe ya ce, "Kowa shi hwaɗi nashi tsakaninshi da Allah. Ni talatin."

Mushe gwauro, talatin? Ta-Allah ta yi tsalle. "A ce gwauro ya hi ni wanka? Hamsin!"

Ni da na yi ɓarna, ina zan sa kaina? Na ce sittin.

Bawa ya amshi kuɗi, ya ruga kasuwa, ya dawo yana raba muna goro.

Ya matso kusa da ni. "Uwar ɗaki, wata mai zuwa ni zan kawo hwarar ƙasar."