Cikowa Ce, Ba Ambaliya Ba

A fom ɗin neman tallafin akwai wata 'yar tambaya can kusa da ƙarshe, da gurbi biyu a gabanta, na i da na a'a: shin wurin da za a ajiye na'urorin yana fuskantar ambaliya? Na daɗe biro na hannuna. Ni ne mai kula da ɗakin kwamfuta na wata kwaleji a gefen Haɗeja, in dai za a kira shi ɗakin kwamfuta, don tsofaffin kwamfutoci uku ne a ciki, ɗaya ma sai an mare ta take tashi. Shekara biyu muna bin asusun nan mai tallafa wa manyan makarantu, kuma kowa ya san ana watsar da fom a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai na yi wa kaina fatawa. Mu nan kalma biyu gare mu. Ruwan da kogi ke kawowa duk shekara ya cika fadama, ya kwanta, ya janye, wannan cikowa ce, da ita muke cin shinkafa da kifi. Ambaliya kuwa sai ruwa ya shiga gida ya kayar da ɗaki. Filin da aka gina mana sabon ɗaki a kansa, cikowa ya saba gani. Na ce to, ai ba cikowa aka tambaye ni ba. Na zaɓi a'a, na sa hannu.

Da damina ta yi nisa, ana cikin hutu, sai ga babbar mota da kwalaye, kowanne a liƙe da tambarin asusun. Takardar da ta biyo su ta ce kada a buɗe, kada a gusar da ko ɗaya daga ɗakin, sai masu dubawa sun zo sun gani da idonsu, sannan a saki sauran tallafin na sola da intanet. In wani abu ya samu kayan, wanda ya karɓa za a tuhuma. Ni na karɓa.

Washegari Baba ya biyo ta wurin daga gona, yana so ya ga abin da ya hana ni zama a gida. Bai ko kalli kwalayen ba. Ƙasa ya tsaya kallo, da gindin katanga.

Ya ce, “A nan za ku zuba kayan?”

Na ce, “A nan, Baba.”

“Nan ai gonar kakanka ce kafin gwamnati ta karɓa. Na yanki shinkafa a nan ruwa na kai mini ƙirji.”

Raina ya ɓaci, don na san gaskiya yake faɗa. Na ce, “Haba Baba, injiniyoyi fa suka auna wurin nan.”

Ya ɗauki fartanyarsa ya ce, “To, Allah ya sa sun gaya wa kogin.”

Ba a yi mako biyu ba labari ya fara sauka daga yamma: ruwa ya taho da yawa, kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da ya saba bi. Mutanen ƙauyukan wajen Miga suka fara shigowa gari a kwalekwale da tabarmi da awaki. Gari kaf ya fita gayya a kan jinga, wato tudun ƙasar da ke tsakaninmu da kogi, ana cika buhuna da yashi ana jerawa. Ni kuwa na kafa kara a bayan ɗakin, ina zuwa dubawa safe da azahar da la'asar. Kullum sai na tarar ruwa ya haye inda na yi alama.

Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Abinci ya daina shiga. In na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. In ruwa ya shiga, kaya sun tafi, an zaro fom an ga hannuna. In na kwashe su, na karya umarni. Na yi ta kiran shugaban kwaleji, yana can a tafiya. Sau ɗaya wayar ta shiga.

“Ranka ya daɗe, ruwa ya kusa katanga.”

“Kada ka taɓa kayan nan. Ka ji na gaya maka.”

Layin ya yanke. Shi yana kan tudu, ai dole ya faɗi haka.

Ranar da na ga ruwa yana lasar gindin katangar, ban ƙara shawara da kowa ba. Duk gine-ginen kwalejin a kwari ɗaya suke, babu bene ko ɗaya. Gidanmu ne a kan tudu, cikin tsohon gari. Na ɗauko amalanken shanu biyu, muka loda, muka ratsa gari da rana tsaka, tambarin hukuma a fili kowa na karantawa. Wani mai shayi ya ɗaga murya, “Malam, an yi rabo ne ba a kira mu ba?” Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe. Sai a lokacin na ga kaina yadda mutane ke ganina: ma'aikaci yana jidar kayan gwamnati zuwa gidan ubansa.

Da muka isa gida, Baba ya fito. Ya sa aka jera itace a zaure, muka ɗora kwalayen, ya rufe su da tabarmi.

Sai kuma ruwan ya tsaya. Jinga ta riƙe. Kwana biyu kara na nuna wuri ɗaya, a na uku ruwan ya fara sauka. Gari ya cika da hamdala. Ni kuwa, abin da har yau nake jin kunyarsa, na tsinci kaina tsaye a bayan ɗakin ina cewa a zuci, ko tafin hannu ne ya shiga mana, ko taki ɗaya. Ina fatan ruwan da in ya shiga nan sai ya fara bi ta kan gidajen mutane. Na yi istigfari, amma na riga na yi fatan.

Na so in mayar da kayan, hanyar ta zama taɓo, masu shanu suka ce sai ta sha iska. Kafin ta sha, masu dubawa suka iso ba sanarwa: wata Hajiya mai tabarau da maza biyu, shugaban kwaleji na biye da su. Aka ce in buɗe ɗaki. Na buɗe. Ɗaki fayau, ƙasa a bushe ƙamas.

Hajiyar ta ce, “Ina kayan?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, suna gidanmu.”

Shugaban ya yi salati da ƙarfi. Ɗaya daga cikin mazan ya fara latsa waya, ni dai na ɗauka 'yan sanda yake kira.

A zaure suka duba kwali ɗaya bayan ɗaya, duk a liƙe. Baba na zaune a kan buzunsa, ya gaishe su, ya sa aka kawo ruwa. Hajiyar ta zaro fom daga jaka, ta ɗora yatsa a kan layin, ta koma Turanci. Ta ce abu biyu ne, in zaɓi wanda za ta rubuta: ko dai wurin ba ya cin ruwa, na kwashe kaya ba dalili, ko kuwa yana ci, abin da na sa wa hannu ba gaskiya ba ne.

Na buɗe baki zan fara bayanin cikowa da ambaliya. Na dubi Baba, na fasa. Na ce, “Yana ci.”

Ta rubuta. Ta ce za a mayar da kayan babban sito, sauran tallafin kuma an dakatar sai kwaleji ta samar da wani ɗakin. Ɗaliban ajin ƙarshe ba za su taɓa su ba ke nan.

Baba ya ga yadda fuskata ta koma. Ya ce, “Me baiwar Allah take cewa?”

Dukkansu Hausa suke ji, amma suka zuba mini ido. Ni na fassara masa, tambayar da amsar da na bayar, kalma bayan kalma.

Ya saurara har na gama. Sannan ya juya wajen Hajiyar ya ce, “Ki yi haƙuri. Ni na ɗauka bai sani ba ne.”