Waken da Ya Ƙi Nuna a Jarwal

Har gobe ba zan manta da ranar da tukunyar wake ta hana ni fara aiki a unguwar Jarwal ta Makka ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan baya, ku saurara, don irin wannan ba a koyar da shi a kan tsani.

Lokacin ina mu'allim, wato shugaban masu fenti da shafe, a wani ƙaramin kamfanin gyaran gidaje da ke unguwar Kudai. A farkon Sha'aban aka tura mu wani tsohon rubaɗi. Rubaɗi gida ne da wani mai hali ya gina tun zamanin Turkawa, ya bayar wakafi don baƙin Allah su zauna kyauta. Wannan na mata ne zalla, tsofaffi, yawancinsu sun zo Hajji da mazajensu, mazan suka rasu, su kuma suka ce a nan za su jira nasu lokacin. Mai kula da wakafin, wanda ake kira naziri, wani Ustaz Jamil ne, mutumin kirki amma akwai gaggawa.

Jami'an kashe gobara ne suka duba madafar gidan, suka ce in ba a gyara ta kafin azumi ba za a rufe. Injiniyanmu ya tsara aikin yadda aka saba: a kankare bango, a manna farin tayil, a sa silin, a ɗaura fanka mai zuƙe hayaƙi.

Ƙa'idar shiga gidan mata ita ce ka tsaya a zaure ka yi sallama da ƙarfi, ka jira a kimtsa. Muka yi haka, aka ba mu hanya. Da na sa ƙafa a madafar sai na tsaya. Ɗaki ne mai faɗi na baƙin dutsen Makka, kaurin bangonsa ya kai hannu biyu. Sama ƙubba ce, da wata kafa zagayayya a tsakiyarta inda hayaƙi ke fita. A gefe guda an gina dakali mai murhu uku a jere, kowane da bakinsa kamar ƙofar masallaci. Alkuki kuwa ko'ina a bango, manya na tukwane, ƙanana na gishiri da fitila. Ƙofar katako ce mai sassaƙa, hannuwan mutane sun goge ta har tana sheƙi. Amma daga kafaɗar mutum zuwa sama, kunkunniya ta rufe komai, baƙi ƙirin.

A tsakiyar ɗakin wata tsohuwa na zaune a kujera 'yar tsugunno, gabanta ƙatuwar tukunya a kan gas. Ita ce Hajiya Gambo, mutuniyar Damagaram, shugabar madafar. Na gaishe ta, na ce mu ne masu gyara. Ta amsa da fara'a, ta tambayi iyayena da garinsu, ta ce ai ta san unguwar kakana a Kano. Sannan ta ce wake ta ɗora, ba a tada ƙura a kan abinci, mu ɗan jira ya nuna.

Muka jira. Da azahar aka zubo mana wake da shinkafa da man shanu, muka ci muka yi nak. Na ce to Hajiya, yanzu sai mu shigo da kaya. Ta ce ayya, ai Hajiya Siti ta riga ta ɗora tata. Hajiya Siti ƙawarta ce, 'yar ƙasar Jawa, wato Indunusiya, ƙaramar mace mai yawan dariya. Na leƙa, tukunya na tafasa.

Kashegari ma haka, jibi ma haka. Kowace safiya za mu tarar da wuta a kunne da tsohuwa a gabanta, da zarar ɗaya ta sauke ɗaya ta ɗora. Ma'aikatana ba su ga laifin tsarin ba ko kaɗan. Wani cikinsu har ya ce tunda ya zo Makka bai taɓa samun aiki mai albarka irin wannan ba. Ni kuwa wayar Ustaz Jamil ta hana ni sakat, Sha'aban kuma na tafiya.

Rannan na sallami yaran aiki zuwa zaure, na durƙusa kusa da ita. Na ce, “Inna, ki faɗa mini gaskiya. In ba mu yi aikin nan ba za a rufe madafar, ku koma cin abincin roba. Mene ne ba ku so?”

Na zaci za ta ce murhun kakanni. Sai ta ce murhu ya tafi abinsa, hayaƙinsa ne ya cinye mata ido. Tayil ma suna so, ya fi sauƙin wanki. Ta ɗaga muciya ta nuna sama.

“Ɗan nan, tun da aka gina otal-otal ɗin nan, kowace taga a gidan nan bango take kallo. Ƙafafunmu kuma ba sa hawa bene. Wancan ramin kaɗai ya rage mana inda muke ganin sama. An ce za ku rufe shi da kwali.”

Na ɗaga kai. Ga shi nan kuwa, ɗan shuɗi kamar faifai, da tattabara ta gifta.

Na ce ta ba ni zuwa gobe. Na kira Ustaz Jamil na roƙe shi ya zo da kansa da azahar. Ya zo a fusace, yana ta ambaton gobara da rufewa. Hajiya Gambo tabarma kawai ta sa aka shimfiɗa masa a tsakiyar ɗaki, daidai inda hasken ke sauka, aka aje masa kwano. Ya ci loma biyu, na faɗa masa abin da ta ce. Ya dubi sama ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko akwai wata hanya.

Na ce akwai. Abin da jami'ai ke nema shi ne hayaƙi ya fita, wayoyin lantarki su shiga bututu, tukunyar gas ta koma waje. Silin sauƙi ne kawai, don wanke ƙubba da hannu aiki ne mai cin lokaci. Muka kira injiniya, ya ce shi ma ya fi son haka, amma in watan azumi ya tsaya ba mu gama ba, ni zan amsa. Na ce na ɗauka. Kasada ce dai, don ina da iyali.

Da safe muka tarar da madafa fayau, ko cokali babu. Tsofaffin da suka yi ta cewa ba su iya ɗaga tukunya sun kwashe komai kafin mu iso.

Muka kafa katakon hawa. Na hana a taɓa abin kankara, sai ruwan ɗumi da sabulu da burushi mai laushi. Ana cikin wanki wani ma'aikaci ya kira ni. A gindin ƙubbar, ƙarƙashin baƙin, ga zane ya fito: reshe mai lanƙwasa da furanni shuɗi da ja, ya zagaye ɗakin kaf, kowane alkuki kuma da ɗan rawanin farar ƙasa a kansa. Babu wadda ta taɓa ganinsa a cikinsu, har da wadda ta fi kowa daɗewa.

Nan fa gardama ta tashi. Hajiya Siti ta ce furannin zanen ɗaurin ƙasarsu ne sak. Hajiya Gambo ta ce ina, wannan ai zanen ƙwaryar Damagaram ne, ko makaho ya shafa ya sani. Ustaz Jamil ya ce aikin Turkawa ne, suka haɗu suka ce masa shi yaro ne. Da suka nemi in raba, na ce ni dai wanda ya zana ya ci abinci a tukunyar kowa. Suka ce na iya tsoron gaskiya.

Muka sa gilashi da raga a kafar, muka huda wa fanka hanya ta bangon baya, tayil ya tsaya iya kafaɗa. Ana saura ƙiris a fara duban wata, jami'in kashe gobara ya zo. Ya bi wayoyi, ya shinshina bututun gas, ya ce a ƙara abin kashe wuta a bakin ƙofa. Yana fita ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ce masha Allah, ya sa hannu.

Da zan tafi na tambayi Hajiya Gambo ko aiki ya yi. Ta ce ya yi, Allah ya yi albarka, sai dai mun jawo musu fitina: yanzu haske ya yi yawa, kowa na ganin girman naman da ke kwanon 'yar'uwarta.

Abin da na ɗauka daga Jarwal ke nan. Wanda ya kira ka aiki daban, wanda zai zauna a ƙarƙashin aikin daban. In ka ga mutane na ja maka rai ba dalili, akwai dalilin, ba a tambaye su ba ne. Tun daga ranar, kafin in sauke tsani daga mota, sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, in durƙusa in ce ya nuna mini abin da ba ya so a taɓa.