Tukwanen Kulu Mai Tsamiya

A Bungudu, can unguwar da ke gangarawa gulbi, an yi wata mata da ake ce wa Kulu mai tsamiya. Zare take kaɗawa, irin wanda ake samu daga gidan tsutsar nan mai cin ganyen tsamiya, wanda maɗinka ke yi wa manyan riguna aiki da shi. Zamanin kuwa Nasara sun riga sun zo sun zauna, amma jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, mai tafiya ko ƙafarsa ko jakinsa.

Kulu ta yi aure biyu. Miji ɗaya ya rasu, ɗayan ya bi fatake Gwanja bai waiwayo ba. Haihuwa ɗaya ta yi, ita ma ba ta zauna ba. Da ta ga shekaru sun ja, sai ta ce ita da aure an gama, ta koma ɗakin da uwarta ta bari ta kama mazari. Ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma da sanyin baki. Amma zarenta ba ya tsinkewa a allura, wannan ko maƙiyinta ya shaida.

Aikin tsamiya ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Tsutsotsin kan taru su saƙa wa kansu jaka guda a jikin ice, su shige ciki su kwanta. Sai a je daji a ciro jakar, a dafa ta da ruwan toka, a wanke, a shanya, a yi ta tsefewa kafin ta kaɗu. Ga ƙaiƙayi, ga wari. Mata sukan toshe hanci in sun wuce ƙofar Kulu ranar dahuwa, su kuwa yara warin ne ke kiransu. Yaro ai ɗan akuya ne, inda aka ce kada ya sa baki nan yake so.

Wata rana wani ƙaramin yaro ya tsaya a kanta ya tambaye ta mene ne cikin jakar. Kulu ta ɗauki wuƙa ta tsaga guda, ta miƙa masa. Ya leƙa, ya yi ihu, ya ruga. Kafin ta gama tsifar da ke hannunta ya dawo da wasu bayansa. Daga nan aka fara.

Tana da hali ɗaya, ba ta amsa tambayar da ido zai iya amsawa. In yaro ya ce, Inna, kaza fa? sai ta ce masa ido gare ka, ko aro ka ba da shi? Ta sa su tsinko ganyen tafasa da na rai-ɗore, waɗanda ko babba yakan ruɗe da su, ta ce kowa ya murza ya sansana, ya faɗi wanda zai yarda a sa masa a kwaɗo. Ta ba su wake su shuka a fasassun kasake, wannan a bar shi a rana, wancan a kife shi da masaki, bayan kwanaki a buɗe a ga na duhu ya yi tsawo ya yi fari fat kamar mai jinya. Su zube hatsi a bakin ramin tururuwa su kwanta rub da ciki su ga wa zai iya jan ƙwayar dawa, wa sai gero. Tumfafiya kaɗai ce da zaƙami ba ta bari a gwada, su kam nuni take yi da sanda, ta ce wanda ya taɓa ita da kanta za ta zane shi kafin uwarsa ta ji labari.

Sai kuma tukwane. A gefen ɗakinta ta jera tsofaffin tukwane da suka daina riƙe miya. Wata da ruwan kududdufi da talibambam a ciki, ana jiran su yi ƙafafu. Wata da jakar tsutsa da ba a dafa ba, an ɗaure bakin da tsumma don a ga abin da zai fito. Wata da ƙwan ƙadangare cikin yashi. Kullum da hantsi yaran za su zo a buɗe, a duba, a rufe.

Uwaye kuwa sai sambarka. Ga mai raino ta samu ba ladan ko ƙwarya guda. Mace ta yi dakanta ta yi surfenta ba mai rataye mata a zane. A lokacin duk unguwa Inna Kulu ake cewa, har da waɗanda suka girme ta.

A cikin yaran akwai Murja, ɗiyar Bawa maɗinki, wanda shi ne babban mai sayen zaren Kulu. Yarinya ce da ba ta fi fara famfara ba, siririya, mai nacin tsiya. Uwarta na fama da sabon goyo, saboda haka tun fitowar rana Murja na gindin Kulu, wani lokaci nan take cin tuwonta. Ita ce mai canza wa talibambam ruwa, ba ta yarda wani ya taɓa mata su.

Ƙarshen wata damina, lokacin da gero ya fara kai, sauro ya cika gari, zazzaɓi ya kama Murja. Ba ita kaɗai ba, kusan kowane gida da mai kwance. Amma nata ya yi zafi, har ta fara sanƙarewa tana juya ido. A cikin wannan magagin ta yi ta kiran suna ɗaya: Inna Kulu, Inna Kulu.

To wa za ta kira? Wanda yaro ya saba da shi ai shi yake nema in ya ji wuya. Amma a garin nan kowa ya tashi da sanin cewa wanda maye ya kama wa kurwa, sunan mayen yake ambata. An kuma san maye ba ya yawo da kurwa a hannu, yakan mai da ita wata 'yar dabba ya rufe a tukunya har ranar da zai ci. Iya, uwar Bawa, wadda ke zaune a kan yarinyar tana mata fifita, ita ta fara haɗa wannan da wancan. Ta ce mace ba miji ba ɗa, ta tara 'ya'yan mutane ba ta karɓar komai, ta kuma jera tukwane rufe-rufe, me ake jira a ƙara gani? Kafin azahar magana ta gama unguwa. Matan da jiya suke tura yaransu da ɗumame a kai wa Inna, yau kowacce ta tuna ta taɓa ganin idon Kulu ya yi ja.

Washegari da safe Kulu na zaune tana shafa alli a yatsa, sai ga Manu mai unguwa da Bawa da Iya, mutane na biye. Manu dattijo ne mai gudun rigima, ya tsaya yana ta gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, kamar wanda ya zo neman aure. Iya ce ta katse shi.

"Ke Kulu, ba gaisuwa ta kawo mu ba. Ki sako muna ɗiya."

"Wace ɗiya na ɗaure?"

"Wadda ta kwana kiran sunanki."

Kulu ta ajiye mazari. Ta dubi Iya, wadda tare suka yi tallan fura suna 'yan mata, ta ce, "Da kin fi ni daɗin zama ai da naki sunan ta kira."

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi ya haɗiye. Iya ta ce a buɗe tukwane. Kulu ta ce a buɗe mana, ai kullum yaranku ke buɗe su, a tambaye su. Ba wanda ya tambayi yaro. Wani saurayi ya sa ƙafa ya ture ta farko, ruwa ya malale, ga wasu abubuwa suna tsalle a ƙasa, ƙafafu huɗu irin na kwaɗo, ga kuma wutsiya irin ta kifi. Manyan mutane da gemunsu, waɗanda suka shekara hamsin suna tsallake kududdufi, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya ga kwaɗo a tsakiyar zamansa kwaɗo. Aka ja da baya ana salati. Aka fasa ta biyu, faɗa-wuta suka tashi fuu suka bi kan mutane. Iya ta ɗora hannu a ka. Ba a ma kai ga ta ƙwan ƙadangare ba.

Manu ya yi gyaran murya ya ce shi ba ya ce kowa komai ba ne, amma abin da aka gada shi ne, wanda aka ambata ya je ya tsallake majinyaci, ya kurkure baki a ba shi ruwan ya sha. In da abu ya saki, in babu ba a yi asarar komai ba.

Kulu ta san ba haka ba ne, shi ma ya sani. In ta tsallake yarinyar ta tashi, an tabbata ita ta kama ita ta saki. In ta tsallake ta mutu, an ce ta riga ta cinye. In ta ƙi zuwa ta mutu, wannan kam sai abin da Allah Ya yi, don an taɓa korar wata da jifa a kan abin da bai kai haka ba. Hanya ɗaya ce sunanta zai fita, ta ƙi zuwa, yarinya kuma ta warke da kanta. Zazzaɓin kaka yakan kashe, yakan kuma bari, ta ga duka biyun. Tana iya rantsuwa ta zauna a ɗakinta ta jira.

Sai ta tambayi Bawa ko yarinyar na shan wani abu. Bawa, wanda tun da aka zo kansa ke ƙasa, ya ce tun shekaranjiya ko ruwa ta ƙi karɓa daga hannun kowa, in an matsa mata sai ta dantse haƙora.

Kulu ta tashi ta gyara ɗaurin zane, ta ce a wuce gaba.

A ɗakin uwar Murja an cika, har iska ba ta shiga. Yarinyar na kan tabarma, leɓe ya bushe ya tsage. Kulu ta ɗaga ƙafa ta tsallake ta, ta dawo ta sake, yadda aka ce, mata na kallo ta ƙofa suna taɓa juna. Aka miƙo ƙoƙo ta kurkure baki. Sannan ta zauna a ƙasa, abin da ba ya cikin al'ada, ta ɗago kan yarinyar ta ɗora a cinya.

"Murja, ni ce. Buɗe baki."

Ta buɗe. Ta sha ruwan kurkurar, Kulu ta ce a kawo wani mai kyau, ta sha. Ta ce a dama kunu mai ruwa-ruwa, a kuma fita a ba mutum iska, ko kallon ma sai an biya da numfashin yarinya? Suka fita sumui-sumui, yanzu tsoronta suke ji. Ta yini nan tana ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan. Da la'asar ta yi, Iya ta aiko a gaya mata aikin da aka kira ta ya ƙare.

Murja ta tashi. Ba a yi mako ba tana zaune tana cin ɗanwake. Aka ce to, kun gani.

Ba wanda ya jefi Kulu, ba wanda ya zage ta a fuska. Yara dai aka hana. In ta fito ɗiban ruwa sai uwa ta fizge ɗanta ta tura shi bayan zane. Wanda ya gamu da ita da sassafe ya tofa a gefe. An koma ce mata Kulu kawai, wasu ma sai su ce waccan. Ta yi ta kaɗinta a ƙofar ɗaki, tsakar gida shiru sai kaji.

Bawa ya zo sau ɗaya bayan sallar azahar, lokacin da hanya ba kowa, wai zare ya ƙare masa ga rigar wani basarake a hannu. Ya tsuguna nesa kaɗan ya ce shi dai ya san ba ta da komai, ya san abin da ta yi wa ɗiyarsa, Allah Ya saka.

"Ka sani?"

"Wallahi na sani, Inna."

"To gobe Juma'a. Ka faɗa a ƙofar masallaci."

Ya yi ta murza hularsa. Ya ce ta dai san halin Iya, uwa ce, ba ya iya ƙaryata ta gaban jama'a. Kulu ta auna masa zarensa, ba ta rage ba ba ta ƙara ba, ta ce ya gai da gida.

Da aka gama girbi, hanya ta bushe, ta ɗaure tabarma da mazarai da 'yar tukunyar dahuwa, ta bi masu jakuna da za su Tsafe. Daga can ta wuce Bilbis, wurin ƙanenta Hamidu, manomi mai 'ya'ya da jikoki cike da gida. Labari ya riga ta isa, don shi ba ya jiran jaki. Hamidu ya ce wanda ke da magana ya zo ya same shi, ba wanda ya zo. Ya ba ta ɗaki kusa da rumbu.

Ta yi shekaru a Bilbis, fiye da yadda ita kanta ta zata. Yaran maƙwabta ba a bari su shiga wurinta, sai jikokin Hamidu, su ma ba ta ƙara ajiye musu komai a ɗaki ba. In za a ga talibambam a tafi kududdufi, in za a ga tsutsa a tafi gindin tsamiya, da rana tsaka, a gaban duk mai wucewa. Takan ce wahala ce, abin da ka bari yau ba lalle ka same shi gobe ba, amma haka nan. Murja kuwa ta girma an kai ta aure Magami, ta haifi nata. Ba su sake haɗuwa ba.

Matar Hamidu ta taɓa tambayarta, suna tsinkar zogale, me ya kai ta tsallakewa alhali ta san abin da zai biyo baya. Kulu ta ce yarinya ce ba ta sha ruwa ba kwana biyu, ta kuma ce a matso mata da ƙwaryar.